Zauren Masu Gudu: Gumi, Ƙishirwa da Gorar Ruwa

Tun da zafi ya kankama, wasiƙun da ke shigowa wannan zaure suka koma zance ɗaya. Ba mai tambayar takalmi, ba mai kukan gwiwa, kowa maganar ruwa yake. Na tsinto waɗanda suka fi maimaituwa, na kuma datse wasu saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina gudun awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi da safe. Da zafin nan ina dawowa jiƙe sharkaf, kaina na sarawa har la'asar. Wani abokina ya ce in riƙa shan rabin lita kowane minti 20, wani kuma ya ce gwanaye ba sa shan komai sai sun gama. Don Allah ka raba mana gardama, lita nawa ya kamata mai gudu ya sha?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokan naka duk sun yi maka ƙoƙari, kuma duk kada ka bi su. Wanda ya yanka maka adadi bai taɓa ɗora ka a sikeli ba, to ta ina ya san abin da jikinka ke zubarwa?

Mu fara da dalilin gumin. In kana gudu, ƙarfin da tsokarka ke ƙonawa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke tura ka gaba. Sauran duk zafi ne, kuma dole jiki ya san inda zai kai shi. Da sanyi, iska na ɗauke wani kaso kai tsaye daga fata. In zafin gari ya kamo na fatarka, wannan ƙofa ta rufe, sai gumi kaɗai. Kuma ba fitowar gumin ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce. Dubi randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta iska ke busarwa, shi ya sa na ciki ke sanyi. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a kan fata takan tafi da zafin da ya kai kusan kilokalori 580. Ruwan nan kuwa wani kasonsa daga jininka aka ɗebo shi. In jini ya ragu, zuciya sai ta ƙara bugu don ta kai abin da take kaiwa da. Masu ɗaura agogon da ke ƙirga bugun zuciya sun san wannan: lamba na hawa, su kuwa ba su ƙara sauri ba.

Yawancin masu gudu na zubar da tsakanin rabin lita da lita 2 a awa. Ka ga faɗin tazarar, wani ya ninka wani sau huɗu. Akwai ma waɗanda suka zarce nan. Alberto Salazar na Amurka, a gudun fanfalaki, wato tseren kilomita 42, na gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, an ƙiyasta yana zubar da lita 3.7 a awa, ya gama ya rasa fiye da kilo 5. Mutum biyu za su jera kafaɗa da kafaɗa a hanya ɗaya, rana ɗaya, abin da ya kashe wa wannan ƙishi ya kumbura wa wancan ciki.

Ga yadda za ka san naka. Ka zaɓi ranar da zafinta ya yi daidai da na kwanakin da ka saba fita. Ka yi fitsari, ka tuɓe, ka hau sikeli irin mai nuna har ɗigon kilo, ka rubuta. Ka zuba wa gorarka ruwan da ka san yawansa. Ka yi gudun awa ɗaya cif, da saurin da ka saba. Da ka dawo, kafin ka kurɓi komai, ka cire jiƙaƙƙun kayan, ka goge jiki da tawul har gashin kai, ka sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ɓace lita ɗaya ce ta ruwa. Sai ka tara da abin da ka sha a hanya. A ce ka fita kana kilo 68, ka dawo kana 66.9, gorar kuma ta ragu da mililita 400. Kilo 1.1 a tara da 0.4, gumin awarka lita ɗaya da rabi ke nan. Wanda ya hau sikeli da jiƙaƙƙiyar riga ya auna guminsa ne a matsayin nama, lissafi ya ɓaci tun daga tushe. In kuma fitsari ya matsa ka ka yi a hanya, gwajin ranar ya tashi, sai gobe.

To me za ka yi da lambar? Kwalejin likitancin wasanni ta Amurka, ACSM, a matsayar da ta fitar a 2007, ta ce kada a bari asarar ruwa ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Ga mai kilo 68, kusan kilo 1.4 ke nan. A gudun awa ɗaya kana bakin iyaka, 'yan kurɓi sun ishe ka. A na awa biyu kuwa lita 3 za ta fita, sai ka nemi abin da ya ɗan haura lita ɗaya da rabi ya shiga cikinka a hanya, kaɗan-kaɗan. Ba a ce ka mayar da duka kana cikin gudu ba. Cikin mai gudu da ƙyar yake wucewa da abin da ya fi lita ɗaya a awa, shawarar abokinka na farko kuwa lita ɗaya da rabi ce. Ragowar zai tsaya maka a ciki yana kaɗawa, kana jin sa da kowane taku.

Abokinka na biyu yana da 'yar hujja, ba zan tauye shi ba. Haile Gebrselassie na Habasha ya lashe fanfalakin Dubai na 2009 cikin awa 2 da minti 5 da daƙiƙa 29, kuma masu bincike sun auna ya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Amma ko shi ba da busasshen baki ya yi tseren ba. Da sanyin safiyar watan Janairu aka yi, jikin da ya yi shi kuma an shekara da shekaru ana gina shi. Abin da za ka ɗauka daga labarin shi ne kashi 2 ɗin nan ba katanga ba ce da mutum ke zubewa da zarar ya tsallake ta. Mizani ne mai kyau ga irina da irinka.

Ciwon kan da ke bin ka har la'asar, zatona ba a hanya kake ɗauko shi ba. Kana fita a bushe, ka dawo ka sha kofi biyu ka kama harkokinka. Da ka tashi daga barci ka sha kofi ɗaya ko biyu kafin ka ɗaura takalmi. Bayan gudu, kowane kilo da ya ɓace ka mayar da lita ɗaya da rabi, don wani kaso zai bi fitsari. Ka sha a hankali cikin 'yan awanni, ka haɗa da abinci mai gishiri. In ka gyara wannan kan bai daina sara ba, ka ga likita.

Tambaya: Malam barka da aiki. Da ina zaune a gari mai laima, ko minti goma ban yi ba rigata ta jiƙe. Yanzu inda na koma zafi ya fi tsanani amma iskar a bushe take, sai in yi minti 45 ban ga gumi ba, in ban da fari-fari a gefen gira da wuyan riga. Shin jikina ya daina gumi ne? Ina buƙatar ɗaukar gora kuwa?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Fari-farin nan shi ne shaidar da ke ƙaryata rigarki. Gishiri ba ya fitowa shi kaɗai, ruwa ne ya kawo shi, ya tafi ya bar shi. A busasshiyar iska gumi na bushewa tun kafin ya taru, kuma haka ake so, don yana aikinsa sosai. Illar dai ita ce yana tafiya ba sallama. Ki yi gwajin sikelin da na faɗa a sama, za ki sha mamaki.

Garin da kika baro shi ne ya fi haɗari ta wata fuskar. In iska ta ƙoshi da danshi, gumi ba shi da inda zai je sai ƙasa. Wanda ya ɗiga daga haɓa ko gwiwar hannu asara biyu ce, ruwa ya tafi, zafi yana nan. A gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta 2019 a Doha, ƙasar Qatar, sai da aka kai fanfalakin mata tsakar dare don gudun rana, amma zafi na wajen digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, laima ta haura kashi 70. Mata 68 suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Ruth Chepngetich ta Kenya da ta yi nasara ta gama cikin awa 2 da minti 32, alhali a farkon shekarar ta yi nisan nan a Dubai cikin awa 2 da minti 17. Ruwa kuwa ga shi nan jibge a bakin hanya, ba wadda aka hana. 'Yan makonni bayan haka aka ɗauke fanfalakin Olamfik daga Tokyo aka kai shi Sapporo a arewacin Japan. Wannan ne abin da na fi so masu gudu su gane, kuma shi suka fi ƙin ji: gora ba ta sayen sauri. Ran da zafi da laima suka haɗu, sassautawa ce magani, ko a fita da asuba, ko a haƙura. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da gorar, a gudun minti 45 in kin fita a ƙoshe ba dole ba ce, amma ni da zafi irin wannan ina son in ga ƙarama a hannunki. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko kin fita a ƙoshe ita ce fitsarin farko na safe. In ruwan ɗorawa ne mai haske, lafiya lau. In ya yi duhu, ga shi ɗan kaɗan, akwai bashin jiya a kanki. Ƙwayoyin bitamin B kan rina shi ya yi ruwan ɗorawa sosai, kada wannan ya ruɗe ki. Kuma ba a neman ya zama fari tas yini guda, wannan alamar an zarce ce.

Tambaya: Malam, ina shirin shiga fanfalaki karon farko, kilomita 42. Ni ba mai sauri ba ne, ina ganin zan kai awa biyar da rabi. An ce mini duk teburin ruwa da na iske in sha kofi biyu ko ba na jin ƙishi, wai in ƙishirwa ta zo an riga an makara. Na fara ɗura wa kaina ruwa tun yanzu don in saba. Daidai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata. Wasiƙarka ce ta fi tayar mini da hankali a wannan makon, don kai ne ainihin irin mutumin da yawan ruwa ke kayarwa: sabon shiga, mai tafiya a hankali, mai bin doka sau da ƙafa, ga awanni biyar da tebura jere a gabansa.

Jinin mutum na ɗauke da sinadarin sodiyam, wato na gishiri, a ma'auni tsakanin 135 da 145. In ka sha fiye da abin da ke fita, jinin ya tsinke, lambar ta faɗi. Kana zaune da ƙoda ta zubar da rarar. Amma a cikin dogon gudu jiki kan saki sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai ya taru. Daga nan ya kutsa cikin ƙwayoyin jiki su kumbura. Yatsu suna da wurin kumburi, ƙwaƙwalwa kuwa ƙoƙon kai ya tsare ta. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town da abokan aikinsa ne suka fara bayyana wannan cuta a jikin masu dogon gudu a 1985. A fanfalakin Boston na 2002 an ɗebi jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka sami kashi 13 cikin 100 sodiyam ɗinsu ya yi ƙasa, uku daga ciki sun kai matakin da rai ke iya salwanta. A tseren nan dai wata mata 'yar shekara 28 ta rasu ta wannan hanya. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda suka wuce awa huɗu a hanya, da waɗanda suka gama nauyinsu ya ƙaru.

Maganar wai kada a jira ƙishi tana da asali. A da, shan ruwa a tsere ragwanci ake ɗaukarsa. A fanfalakin Olamfik na 1904 a St. Louis, da gangan mai shirya gasar ya ƙuntata ruwa don ya ga abin da zai faru, ga zafi ga ƙura, mutum 32 suka tashi 14 suka gama. Har zuwa shekarun 1970 dokar tsere ta hana a miƙa wa mai fanfalaki ruwa sai ya ci fiye da kilomita 10. Da aka gane kuskuren sai aka yi tsalle aka dira ɗaya ɓangaren, aka ce a sha iya abin da ciki zai ɗauka. An gudu ba a tsira ba.

Ƙishirwa ba maƙaryaciya ba ce. Ga mai gudu irin naka ita ce jagora mafi aminci: ka ji ta ka sha, ta lafa ka wuce teburin. Ɗurin da kake yi wa kanka yanzu kuma ka bari, jiki ba ya tara ruwa don mako mai zuwa. Ka auna kanka kafin dogon atisaye da bayansa. Ragin kilo ɗaya ba abin damuwa ba ne, ƙari ko na rabin kilo shi ne abin tsoro. A hanya ka riƙa duba hannunka. In zobe ya fara cizo, madaurin agogo ya nutse a fata, ciki ya cika fal, ga tashin zuciya, to rufe gorar. Tarkon da ke ciki shi ne ciwon kai da amai da ruɗewa duk sun yi kama da na wanda ruwa ya ƙare masa, sai masu taimako su ƙara ɗura masa. In haka ta same ka ko waninka, a nufi ma'aikatan lafiya, kuma farkon abin da za a gaya musu shi ne yawan ruwan da aka sha.

Tambaya: Malam, ni teɓa nake son ragewa. Ina sa rigar leda a ƙarƙashin rigar sanyi in fita gudu da hantsi. Wallahi rana ɗaya nakan sauke kilo biyu. Me za ka ƙara mini?

Amsa: Ba ƙari zan yi maka ba, ƙanena, ragi ne. Cire ledar. Kilo biyun nan ruwa ne, da dare ka mayar da su, teɓa tana nan inda ka bar ta. Kitse ba ya narkewa ya fito ta fata. Ƙona shi ake yi, kuma mai leda shi ya fi kowa saurin gajiya ya tsaya, ka ga ƙonawar ma ta ragu. Abin da ledar ta iya kawai shi ne hana gumi bushewa, wato ka toshe hanya ɗaya tilo da zafi ke da ita da hannunka. A ƙarshen 1997, cikin 'yan makonni, 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka mutu suna ƙoƙarin sauke nauyi ta matse ruwan jiki, matasa majiya ƙarfi. Bayan nan hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta irin waɗannan riguna. Garin neman gira kada ka rasa ido. Sa riga mara nauyi mai haske, ka fita da sassafe, ka duba abin da ke shiga bakinka.

Tambaya: Salamu alaikum. Shekaruna 58, ina shan maganin hawan jini, ina kuma sassarfa da yamma. Kwanan nan sha-raɓata kan ɗaure in na kusa gamawa. Yarana sun ce gishiri ne ya ƙare, sun sayo mini lemon 'yan wasa da ƙwayar gishiri. Nakan kuma haɗiyi ibuprofen kafin in fita saboda gwiwa. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Yaran sun kyauta, amma ƙwayar gishirin a ajiye ta tukuna har likitanka ya gani. Mai hawan jini ba ya ƙara wa kansa gishiri da ka. Ka kuma tambaye shi ko maganin naka irin mai sa yawan fitsari ne, don in shi ne, kana fita da ƙarancin ruwa fiye da sauran mutane.

Gumi na ɗauke da sodiyam kusan giram ɗaya a lita, wasu ƙasa da rabin haka, wasu ninki biyu. Wanda ke sassarfar ƙasa da awa ɗaya abincin yini ya ishe shi mayarwa. Masu wuce awa biyu, musamman waɗanda hularsu ke yin zoben fari in ta bushe, su ne ke amfana da abin sha mai gishiri da ɗan sukari. Lemon 'yan wasa da aka fara haɗawa a Jami'ar Florida a 1965 don 'yan ƙwallonsu aka yi shi, masu yini a rana da kaya masu nauyi. Gishirin da ke cikinsa bai kai ko kusa da na jini ba, shi ya sa a binciken Boston ɗin nan masu shan sa ba su fi masu shan ruwa zalla tsira ba. Kada kuma a haɗa shi da lemon ƙara kuzari mai kafeyin, wannan wani abu ne daban. Ran da aka zubar da gumi da yawa, ruwan gishiri da sukari na ORS, a dama yadda aka rubuta a jikin takardar, ya fi su duka saurin mayar da mutum.

Ɗaurewar sha-raɓa kuwa, duk da abin da aka daɗe ana faɗa, binciken da aka yi a Afirka ta Kudu kan masu dogon gudu bai sami wani bambancin kirki tsakanin gishirin jinin waɗanda ƙafarsu ta ɗaure da na waɗanda ba ta ɗaure ba. Gajiyar tsoka ce ta fi yawa, shi ya sa take zuwar maka a ƙarshe. In ta kama, tsaya ka dafa bango, ka tura ƙafar baya, diddige a ƙasa, ka miƙe ta har ta saki. Ka rage nisa kaɗan har zafin ya wuce.

Ibuprofen ɗin shi ya fi damuna. Shi da diclofenac da danginsu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu a zafi ma haka yake yi, ga maganin hawan jini a kai. Wannan haɗi ne da ba na so. Gwiwar a kai ta a duba. Duk ranar da ka ga fitsari ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi bayan motsa jiki, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Tambaya: Gaskiya ne ruwan sanyi na yi wa mai gudu illa in jikinsa ya ɗau zafi?

Amsa: A'a. Yana ɗan rage zafin ciki, kuma ya fi shiga, mutum ya fi shan abin da ya kamata. Manyan 'yan tsere har markaɗaɗɗiyar ƙanƙara suke sha kafin a tashi in gari da zafi. Kurɓa dai ake yi, ba kwankwaɗa ba. Ragowar a zuba a kai da wuya.

Tambaya: Malam, makon jiya wani yaro a rukuninmu ya zube ana dab da gama kilomita 10. Jikinsa jiƙe yake da gumi, don haka muka ce ba zafi ba ne, muka yi ta ƙoƙarin ba shi ruwa muna fifita shi har mota ta zo. Allah ya sa ya farfaɗo a asibiti. Kuma ya sha ruwa sosai kafin mu fita. Me ya kamata a ce mun yi, kuma yaushe zai dawo?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, ku kuma ya saka muku. Abu biyu nake so rukunin naku ya cire daga ransa. Na farko, wai sai fata ta bushe zafi ke kayar da mutum. Mai gudu yakan faɗi yana tsiyayar gumi. Na biyu, wai wanda ya sha ruwa ya tsira. Ƙarancin ruwa na ƙara haɗari, amma mai kayarwar shi ne zafin da tsoka ke haifarwa fiye da wanda jiki ke iya fitarwa. Shi ya sa abin ya fi faruwa a gajeren tsere mai sauri, a jikin matashi mai zuciya da ba ya son a wuce shi.

Alamar farko a ɗabi'a take, ba a fata ba. Akwai wani yaro da nake horarwa, mai kunya ne, ko ido ba ya haɗawa da ni. Ran nan da rana na ga ya fara cin hanya a karkace, ƙafa na harɗewa. Na sha gabansa na ce ya tsaya, sai ya ture hannuna yana zagi, ya kira ni da sunan wani, idonsa na kallona amma ba ni yake gani ba. Wannan ba rashin kunya ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta yi zafi. Mutumin da ya kai nan ba a neman izininsa, don abin da zai yanke hukuncin da shi shi ne ya taɓu. Mutane na yaba Gabriela Andersen-Schiess ta Switzalan da ta shigo filin Olamfik na 1984 a ƙarshen fanfalakin mata jiki a karkace, hannu ɗaya na reto, ta yi fiye da minti biyar tana zagaye ɗaya tana korar masu taimako. Da ƙyar ta kai ƙarshe, kuma likitoci na biye da ita taku-taku. Ni in nawa ne, kama shi zan yi.

In mai gudu ya ruɗe ko ya zube a zafi, a ɗauka zafin cikinsa ya haura digiri 40 har sai an tabbatar ba haka ba. Wani ya kira mota, sauran su fara sanyaya shi nan take, kada a jira. A ja shi inuwa, a tuɓe masa kaya. In akwai abin da za a tsoma shi ciki, a tsoma shi a ruwan ƙanƙara har wuya, wani ya riƙe kansa, ana motsa ruwan. In babu, a yi ta kwarara masa ruwa mafi sanyi da aka samu a duk jiki ana fifita, ana canza jiƙaƙƙen tawul a kai da wuya da hammata da matsematsi. Minti 30 na farko su ne komai. A tseren Falmouth na Amurka, mai nisan kusan kilomita 11 da ake yi a watan Agusta, an ƙirga mutum 274 da zafi ya kayar cikin shekara 18, aka tsoma su a ruwan sanyi a wurin, ba wanda ya mutu. Wanda hankalinsa ba ya jikinsa kuwa ba a zuba masa komai a baki, zai iya shaƙewa.

Ku tambayi yaron ko ya yi zazzaɓi ko gudawa a kwanakin, ko ya kwana bai yi barci ba, ko ya daɗe bai fita ba ya zo ya bi sahunku. Waɗannan su suka fi share wa abin hanya. Ya kuma san nau'in jininsa, don masu AS sai sun fi kowa taka-tsantsan da gudun ƙure ƙarfi a zafi.

Dawowarsa ba ku za ku yanke ba. Likita zai duba ƙoda da hanta, kuma ko an sallame shi sai ya huta aƙalla mako guda ba motsa jiki. Bayan nan ya fara da asuba, gajere, a hankali. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin cikinsa ya ragu. Ku lura da wannan na tsakiyar, wanda ya saba da zafi ya fi zubar da ruwa, don haka in ya kammala makonnin biyu sai ya sake hawa sikeli, lambarsa ta da ta daina aiki.